Faretin Da Muka Sa Kakata Bayan Aikin Ƙafa

Lokacin ina aji uku a sakandare, duk unguwarmu ta Rikoto babu wanda ban kwaikwayi tafiyarsa ba, daga mai wa'azin cocinmu har akuyar maƙwabta. A hannun kakannina nake, wato kakana, tsohon soja, da matarsa da muke kira Kaka.

Kakana ne ya fara ciwon. Jijiyar jinin ƙafarsa ta toshe, aka kai shi wani babban asibiti a Sakkwato, aka zura masa wata 'yar ragar ƙarfe cikin jijiyar don jini ya sami hanya. Bai daɗe ba ya koma gonarsa ta Dabai, yana ba da labari kamar shi ya yi wa kansa aikin. Saboda haka da Kaka ta kamu da irin ciwon, aka sa mata irin ragar, babu wanda hankalinsa ya tashi. Likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki kullum, sai kakana ya mayar da abin fareti. Kowace safiya ya fito da ita tsakar gida, ni ce kwamanda, da muciya a kafaɗa a matsayin bindiga. In ta dafa bango ta ce sha-raɓarta tana ɗaurewa, sai ya ce shi a irin wannan lokacin har ya fara huɗa, ita raguwar kurtu ce kawai. Ni kuma in bi bayanta ina ɗingishi, 'yan gida suna dariya har da riƙe ciki.

Daga baya ta daina ƙorafi, muka ɗauka sauƙi ne. Amma na lura tana sa safa a tsakiyar zafin bazara, kuma in ta kishingiɗa da rana sai ta saki ƙafar tana reto daga bakin gado. Abin ya tsaya mini a rai. Wata Asabar tana shirin zuwa taron zumuntar mata, ta ce in yanke mata farce. Da na cire safar, sai na ji ƙafar da sanyi kamar gindin randa, ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin. Ta kama hannuna ta ce, "Jikalle, kada ki gaya wa kakanki. Zai ce na ba shi kunya."

Duk da haka na je na faɗa wa kakana, nan take muka kama hanyar asibiti. Duk hanyar Sakkwato ƙafar tana kan cinyata, ina murza ta ko za ta yi ɗumi. Likita ya duba ya ce jijiyar ta sake tsukewa, kuma da an ƙara jinkiri ƙafar ce za a yanke. Ya yi bayani cewa sau da yawa jijiyoyin mata sun fi na maza ƙanƙanta, kuma mata kan daure su zo a makare, don haka ba dole yadda aikin ya karɓi namiji ya karɓi mace haka ba. Kakana ya cire hula, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Likita, za ta koma gida da ƙafarta?"

Ta koma da ita, sai dai ban da ƙaramin yatsan. Har yau ba na fita makaranta sai na taɓa ƙafar na ji da ɗumi, in kuwa na ji sanyi-sanyi, ranar ko malami ya yi rawa a gabana ba na ganinsa.

Abin da na koya shi ne, dariyarmu ce ta rufe wa Kaka baki. Masu jinyar iyaye mata, ku daina auna warkewarsu da ta mazajensu. In tsohuwa ta ce ƙafa na ciwo, ku mayar da ita asibiti. In kuma ta yi shiru gaba ɗaya, ku cire safar ku duba da idonku.