Ɗan Kifi a Gefen Faifai

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Faifai ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya jawo kujerarsa bakin taga. Hasken safe yake bi, domin a cewarsa fitilar lantarki maƙaryaciya ce, ɓoye ƙarzuwa take yi. Sai ya wanke hannu kamar mai shirin cin abinci, ya goge tsaf, sannan ya zaro faifai daga kwalinsa, ya tallafe shi ta gefe da gefe tsakanin tafukansa, ya karkata shi ga rana. Haka na same shi tun ina saurayi mai taƙama da suma, kuma haka yake har yau da sanƙo ya gama da ni. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana iya jin ta da kunnensa.

Shagon bai fi ɗakin gwauro ba. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, cike da faya-fayan garmaho a tsaitsaye, ga ƙamshin tsohon kwali da ba ya fita daga riga sai an wanke. Doka ɗaya ce a wurin, ba a ɗora yatsa a kan layukan waƙa. Ranar da na fara shiga na cafki wani faifai kamar faranti, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Samari, in hannunka ƙaiƙayi yake yi, ga tsintsiya can." Tun daga ranar muka ƙulla, ina zuwa in cika shi da surutu, shi kuma yana haƙuri da ni.

A idona duk baƙar roba ce mai rami a tsakiya. A wurinsa kuwa ƙaramin faifai guda, mai waƙa ɗaya a kowace fuska, yana iya zama iri uku ko huɗu. Akwai bugun farko, akwai wanda kamfani ya sake bugawa da waƙa ta karɓu, akwai na 'yan damfara. Yakan auna nauyin faifai a tafin hannu, ya dubi girman ramin, ya dubi launin takardar da ke manne a tsakiya, wadda 'yan sana'ar ke kira tambari. Daga nan sai ya koma kan ɗan santsin filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da tambarin, inda mai yanka faifan asali yake karce alamarsa da hannu, alamar kuma ta fito a kan duk faifan da aka buga daga wannan yankan. Ba ya saurin ɗora allurar garmaho a kan faifai. Yakan ce kowace sakawa tana cin faifai, don haka sai ido ya gama nasa aikin kafin kunne ya karɓa.

Mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da shi ya sha ba ni labarin wani magidanci da ya kawo kwalin faya-fayan yayansa da ya rasu, yana neman a raba shi da tarkace. Baba ya zaro guda ɗaya daga ciki ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin aljihuna. Kada ka bari kowa ya haɗa maka shi da sauran." Har ya kwatanta masa inda zai kai shi. Ni kuma da idona na ga ranar da wani ya zo da faifai yana rantse-rantse cewa bugun farko ne. Baba ya kai shi hanci ya shinshina, ya miƙa masa abinsa ya ce, "Gam ɗin tambarin bai gama bushewa ba, ɗana. Ka dawo in ya tsufa." Mutumin ya fita ba ko sallama.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin wata nas da ke aiki a asibitin da ke bayan layin. Shekarun baya ta shigo da rana tsaka, da farin kayanta, riƙe da ƙaramin faifai a cikin jaka. Na wata ƙungiyar samari ne masu kiɗan rok, masu jita da ganguna, da suka yi tashe na ɗan lokaci, suka fitar da faifai guda suka watse. Mai ganga a cikinsu mahaifinta ne. Ya rasu tana goye, ba ta san muryarsa ba. Mahaifiyarta ta sha gaya mata cewa ranar ɗaukar waƙar da ita aka je situdiyo tana jaririya, kuma a ƙarshen faifan ana jin uban yana yi mata magana. Kwafin da ke gidansu ya fashe tun tana ƙarama. Bayan rasuwar uwar ta samo wannan a kasuwa, ta saka shi har ya kusa hujewa, ba ta ji komai ba sai kiɗa.

"Baba, ka gaya min gaskiya," in ji ta. "Ko dai lallashina kawai take yi?"

Ya karɓi faifan, ya kai shi taga, ya daɗe yana juya shi. "Ba ta yi miki ƙarya ba, 'yata. Ni na ji da kunnena, da daɗewa. Amma a bugun farko ne. Kamfani ya ɗauki maganar a matsayin aibi, suka janye faifan, suka sake yanka shi ba ita. Naki bugu na biyu ne, ga tambarinsa rawaya. Na farkon jan tambari gare shi, kuma akwai ɗan kifi da mai yanka ya zana a nan gefen."

"Me ya ce min?"

Ina zaune a wurin, na ƙagu Baba ya faɗa mata mu huta, amma sai ya girgiza kai. "Ba a bakina ya kamata ki ji ba. Ki ba ni lokaci."

Lokacin nan ya ja, har na fara jin haushinsa. Duk inda aka ce wani tsoho ya rasu ana rabon kaya, ko wani gidan rawa na da zai zubar da tarkacensa, Baba na can yana bin jan tambari. Sau biyu yana samo mai jan tambarin, duka biyun na bogi ne, babu kifi. Nas ɗin takan leƙo in ta tashi daga aiki. "Baba, akwai labari?" Shi kuma ya ce, "Da saura, 'yata." Ta yi aure, ta haihu, ta daina tambaya da baki, sai dai ta gaishe shi ta dube shi. Na ce masa, "Haba Baba, kalmomi nawa ne? Ka faɗa mata mana." Ya ce, "Marubuci, ku kun ɗauka magana ita ce kalmomi. Muryar take nema."

Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani. Tabarau ya gaza, gilashin ƙara girma ya gaza, har ta kai ja da rawaya sun zama abu ɗaya a wurinsa. Babban ɗansa ya tsaya kai da fata cewa zaman shago ya ƙare, a je a yi aikin ido a koma gida a huta. Baba ya amince, amma na san abin da ke cin sa. Ya ce da ni, "Zan rufe da alkawarin yarinyar nan a wuyana." Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Makon jiya ne, da hantsi, yana ware kaya don rufewa. Tunda ido ya ƙi, sai ya koma bin gefen kowane faifai da farce, a kan santsin nan da babu waƙa. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, inda yake tara masu araha, ciki har da tarin faifan ƙungiyar nan masu rawayan tambari da kowa ya raina. Yana bi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga hannunsa ya tsaya cak.

"Marubuci, zo ka ara min idonka. Wane launi ne wannan?"

"Rawaya ne, Baba."

"Karkata shi ga taga. Me ka gani kusa da farcena?"

Na karkata shi. Ga shi nan, ɗan mitsitsi, da jela da ido. Na ce, "Kifi ne."

Ya zauna daɓas a kan kujera yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Daga baya ya yi min bayani. Da alama jan tambarin ne ya ƙare wa ma'aikatan kamfanin kafin su gama bugun farko, suka manna wa 'yan ragowar sabon rawayan. Duk ɗan sana'ar nan, tambari yake fara dubawa, in ya ga rawaya ya wuce, shi ma haka ya yi ta yi. "Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gwiwata," in ji shi. "Sai da ido ya tafi na same shi."

Kafin azahar labari ya kai kunnen wani dillali mai tura faya-fayai ƙasashen waje. Ya zo yana haki, ya ce irin wannan gauraye ya fi mai jan tambarin ma wuyar samu, Baba ya faɗi duk abin da yake so. Baba ya ce ya san darajarsa sarai, ya fi duk abin da ke shagon, sai dai yana da mai shi. Ya aiki mai gyaran agogo asibiti.

Nas ɗin ta zo da gudu-gudu, da 'yarta a hannu. Baba ya goge faifan da kansa, ya lalubi allura ya ɗora, bai yarda kowa ya taya shi ba. Jita ta yi ta kuka, ganguna suka cika ɗan shagon. Aka kai bugun ƙarshe, sai shiru, sai ƙas-ƙas ɗin allura. Can sai ga kukan jaririya daga nesa, sai ƙarar sandunan kiɗa da aka ajiye, sai dariyar wani saurayi mai haki: "Yi haƙuri, uwata, na gama. Ga ni nan zuwa."

Ta dafe baki. Sannan ta ce, a hankali, "Na ji, Baba." Ba da mai shagon take ba, kuma duk mun sani. Mai gyaran agogo ya juya yana duban bango, ni kuma na shiga neman hankici a aljihun da na san babu komai.

Da ta natsu ta buɗe jaka ta tambayi kuɗinsa. Baba ya mayar da faifan cikin kwali, ya ɗora mata a tafin hannu ya ce, "Ba ki ji abin da ya ce ba? Shi ya ce ga shi nan zuwa. Ni rako shi kawai na yi."

Kai ne, Baba, mai wanke hannu kafin ya taɓa kayan mutane. Kai ne wanda ya san darajar abu ya faɗa wa mai shi, ko da faɗar za ta raba shi da riba. Ba a taɓa kiran ka wani taro an miƙa maka lambar yabo ba, kuma na san da an kira ka cewa za ka yi wa zai tsare maka shago. Ku kuma masu sana'a, manya da ƙanana, ku leƙa layin nan kafin wata ya ƙare, ku ga yadda ake riƙe kayan wani da alkawarin wani, ku koma ku gwada a naku wurin. Nas ɗin ta ce ita za ta riƙe maka hannu ranar aikin ido, kuma ba shawararka take nema ba. Allah ya buɗe idon, ya ba ka hutu mai daɗi. Mun gode da rakiya, Baba.