Tarin Tama a Bayan Roni

Ana idar da sallar asuba muka bar Babura, ni da baffana, wan mahaifina, a bayan wata akori-kura da aka shaƙe da buhunan gero. Baffa maƙeri ne, idonsa ya kusa tafiya, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san inda mahaifina yake kwance. Shekarar da aka sami 'yancin kai, ban yi wayo ba, ramin tama ya rufta da shi a gindin wani dutse bayan Roni. Tama dai ita ce baƙin dutsen nan mai nauyi da maƙera kan narka su fitar da ƙarfe. Aka rasa yadda za a tono shi, sai aka yi masa salla a bakin ramin, aka tara baƙaƙen duwatsun tama a kai. Duk maƙerin da ya je haƙa sai ya ɗora guda ya yi addu'a. Baffa ya ce in zo ya nuna mini wurin tun yana ganin inuwa.

Hanyar Babura kuwa, kai, ba a magana! Mun sha jijjiga har haƙorana suna karo. A Kazaure muka karya da koko da ƙosai wurin wata tsohuwa da ta rantse ita ba ta san wata naira ba, a yi mata magana da sule. Da muka ratsa rumfar maƙera, Baffa ya tsaya ya kasa kunne, ya taɓe baki, wai ƙarfen matacciyar mota suke duka, daga kukansa ya ji. Ba mai zuwa haƙar tama yanzu.

Da muka wuce Roni muka nufi wajen Gwiwa, sai ga sabuwar kwalta, sumul, mota na gudu ko tari babu. Na yi ta yabonta, har na tsokani Baffa cewa arzikin man fetur ya iso ƙugunsa. Ya yi murmushi, ya ce in dai duba masa wata kuka mai rassa biyu a gefen dutse.

Kukar tana nan. Dutsen ne aka yanke rabinsa, ya zama jar gaɓa tsirara. Na zaga na sake zagawa, ban ga tarin komai ba. Wani dattijo Bafulatani da ke kiwo a wurin ya ce mana, "Ayya, bayin Allah, ai bara katafila ta kwashe nan duka aka cike hanya. Mun faɗa musu akwai mutum, mai tuƙin bai jin Hausa."

Baffa ya matsa gindin kukar. Ya dafa ta, ya juya mata baya, ya riƙa takawa yana lalube da sanda, ni ina biye. Ya gangara, ya hau gefen hanya, bai tsaya ba sai tsakiyar kwalta. Ya ce, "Nan ne, ɗana." Wata babbar mota ta danno da hon, na fizgo shi gefe. A nan ya durƙusa yana tsintar tsakuwa, ya auna a tafin hannu ya yar, har ya sami wata baƙa mai ƙyalli. Ya shafa gefenta ya ce wannan da masaba, gudumar maƙera, aka fasa ta, daga tarin take. Wallahi ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ran nan, ni ma kuka na yi sosai. Muka yi addu'a motoci na watsa mana iska.

Da za mu koma, Baffa ya ƙi hawa mota a wurin. Da ƙafa muka bi gefen gona har kukar ta ɓace, sannan ya yarda. Mun iso Babura da almuru, ba wanda ya iya cin tuwo.

Tafiyar nan ta koya mini cewa wuri ma yana mutuwa idan masu zuwa suka daina zuwa, kuma ban ƙara yabon hanya ba tare da na tuna abin da ke ƙarƙashinta ba. A ƙofar gida Baffa ya kamo hannuna ya danƙa mini tamar. Ya ce, "Da a kan mahaifinka za ka ɗora. Tunda babu, sai ka riƙe."