Malafar Baba Illa da Kujerar Babanmu

Shekara bakwai ke nan da aka kai babanmu makwancinsa a Madawa, kuma har yau ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo, da ya bari ba ta da shugaba. Mai riƙo gare ta. Shekara bakwai ana riƙo, sai ka ce akuya aka ba mutum ajiya mai ita ya shiga kasuwa. Bana an ce da an gama ɗaurin hatsi za a zamna a yanke magana, shi ya sa zan faɗi tawa tun yanzu, don na san ranar taron cewa za a yi mata su dakata maza na magana.

Sunan babanmu Abdu, amma daga Buza har Keita Abdu Teyatur aka san shi. Bai taɓa rubuta wasa ba. Ranar kasuwa, bayan la'asar, sai su kafa sono, wato lasifika, a gindin gawo, su tada gurup mai ba da wuta, ya fito da tsohuwar kwat da tumbin tsumma. Ya kwaikwayi mai hatsin da ke tauye tiya, ya kwaikwayi mijin da ya tafi bida, neman kuɗi a ƙasar waje, ya manta yana da gida. Mutane su yi ta dariya har sai kowa ya gane da shi ake. Ba ya jin tsoron kowa a fage, kuma wannan ne abin da ake tunawa da shi.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne dogon mutumin da ke tsaye can baya. Baba Illa ke nan, mataimakinsa tun kafin a haife ni, manomin albasa, wanda sai ka yi masa tambaya biyu ka samu amsa ɗaya. Bai taɓa hawa fage ba. Shi ke riga kowa shiga gari, ya zamna wurin mai shayi, ya gaida masu ɗibar ruwa, ya ji gidan da aka yi rasuwa da gidan da aure ke rawa. In wasa ya fara, sai ya tsaya baya ta gefen mata, inda ake jin gunaguni, inda ake ganin wadda ta ja mayafi ta rufe fuska. Malafarsa na kansa. In ya cire ta ya rungume a ƙirji, wasan ya taɓa miki, babanmu ya juya akala nan take. In ya cire ta yana fifita, ma'anarsa garin na iya ɗauka, a ƙara wuta.

Ina ƙarama na lura babanmu na yawan ɗaga ido sama da kawunan mutane, na ce, "Baba, mi kake kallo can?" Ya ce, "Ina tambayar Illa ko za mu bar garin ga da ƙafafunmu ko da duwatsu."

Da babanmu ya rasu, aka ce Baba Illa ya riƙe kafin a ga abin da Allah zai yi. Tun daga nan ƙungiya ta zama gida biyu. Dattawa suna cewa wa ya fi Illa sanin aikin. Samari suna son yayana Salisu, wanda ya gaji muryar Baba da tafiyarsa har da tumbin tsumman. Hujjarsu ita ce Illa bai taɓa sa kowa dariya ba, birki ne kawai, kuma ba a taɓa ganin motar da birki ke ja ba. Ni ina jin haushin wannan magana, don sun riƙe rungumar malafa sun manta da fifitar. Wasannin Baba da suka fi zafi, waɗanda har yau ake labarinsu a Ibohamane, Illa ne ya ce masa ci gaba.

Amma kada in zalunci Salisu. Shi ya hana ƙungiyar mutuwa. Shi ke ɗaukar wasa da waya, ya yanka, ya tura, har ƴan bida da ke Abijan su kira suna dariya. An sha kiransa Yamai, ya ƙi, don bai son a ce ya watsar da abin ubansa. Yanzu ya ce in ba a ba shi ba zai tafi. Baba Illa kuwa, kowa ya san in aka tsallake shi zai koma garkarsa ta albasa, ba zai sake zuwa ba, ba don fushi ba, don kunya. Ina yawan tunanin abin da Baba zai ce da wannan zamani na waya. Na tabbata shi zai fara tura tumbinsa gaban kyamara. Na kuma tabbata zai tambaya, su waɗanda ke kallo cikin wayar, wa ke tsaye bayansu yana ganin fuskarsu?

Bara a Azarori na ga inda matsalar take, kuma ba ta ga ɗayansu. Al'ada ce shugaban ƙungiya ya zamna gaba kusa da mai gari da mutanen komin, wato ƙaramar hukuma. Babanmu na zamnawa minti kaɗan ya tashi ya hau fage, shi ke nan. Baba Illa da ba ya hawa fage sai ya maƙale a kujera tun farko har ƙarshe, malafa bisa gwiwa, ya ba jama'a baya. Salisu ya ɗauko wasan mijin da ya tafi bida, ya ƙara masa gishiri, ya ce wai mutumin ya yi shiru ne don ya sami mai jan baki a can. Gaba ana dariya. Baya, inda nake tsaye, wata dattijuwa ta tashi da ƙyar, surukarta na riƙe da ita, suka fita, mata da yawa suka bi su. Ɗanta ya bi hanyar hamada shekarun baya, ba gawa, ba labari. Baba Illa ya san da ita, ya ji tun da rana wurin mai shayi, amma bai san ta zo ba, don bayansa take. Salisu ya ɗaga ido sama da kawuna, kamar yadda ya ga ubansa na yi, bai ga kowa ba. Washegari shi da Baba Illa suka je ba ta haƙuri. 

Wato mun ɗauki mutumin da aikinsa ganin jama'a, mun girmama shi, mun zamnar da shi inda ba ya ganin kowa sai ƴan wasa. Sa'annan muna mamakin abin ya lalace.

Kwanan baya aka kira ƙungiyar wasa a Sabon Gida. Kafin a fara, na je na ɗauke kujerar shugaba na kai wa wata tsohuwa da ke neman wurin zama. Baba Illa ya iso ya tarar da fili. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyar ga, ba ki da kunya." Na ce, "Baba, rashin kunyar wurin Abdu na gada. Wurinka na can, ka tahi." Wani na kusa da mai gari ya tambaya ina shugaban ƙungiya, na nuna masa bayan taro na ce ga shi can tsaye yana aiki.

Wasa ya yi nisa, Salisu ya zo kan mai tauye tiya, kuma duk garin ya san wanda ake nufi. Na ga ya ɗan tsaya, ya ɗaga ido. Can baya malafa na fifita. Ya saki jiki ya yi wasan da ban ga irinsa ba tun da Baba ya kwanta.

To ga tawa. A ba Baba Illa shugabanci, a daina ce masa mai riƙo, ya isa haka. Amma kada a sake ba shi kujera. Salisu ya riƙe fage, ya bar zancen Yamai, ranarsa na zuwa, kuma kafin ta zo ya koyi tsayuwar baya, don wata rana shi ma ƙafa za ta gaji. Ban sani ba ko zai yarda. Na faɗa masa a gida, ya ce in bar shi ya yi tunani, kuma bai buɗe jakarsa da ya ɗaure don tafiya Yamai ba.

Kwat ɗin Baba asu ya cinye ta, sonon ma an canza. Abin da ya rage nasa, wanda na gani da idona a Sabon Gida, shi ne mai wasa ya tsaya tsakiyar dariya ya ɗaga kai ya tambayi wani ko ya ci gaba. Allah ya jiƙan Abdu Teyatur, ya sa in ɗansa ya ɗaga ido ya tarar da mutum tsaye.