Neman Baitin Inna a Gidan Madaci

Ƙurrr... ƙurrr... Ƙarar da na jiyo ke nan daga ɗakin Inna bayan na idar da sallar asuba. Da na leƙa sai na tarar ta kifa kofin silba a kan tabarma, ta dafe shi da hannu biyu, tana turawa gaba tana jawowa baya, bakinta yana motsi. Inna mahaifiyata ce. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita bara maigidana ya ce ta dawo wurinmu a nan Wudil.

"Inna, lafiya?"

"Niƙa nake yi," in ji ta. "Da na zo kan baitina sai ya tsaya."

Mahaifiyarta tana da waƙar niƙa tata ta kanta, kowane ɗa ta haifa sai ta ƙara masa baiti. Su bakwai ne. Inna tana rero na 'yan'uwanta shida tsaf, amma nata layi biyu ne, sai ya yanke. Kwana uku tana wannan abu, har abincinta ya ragu. A na huɗu ta ce mini, "Ina so in ji me uwata ta ce a kaina kafin in je in same ta." Mutum ɗaya ya rage da zai sani: yayarta Iya Hansai, a ƙauyen Gidan Madaci can ƙasar Miga, ba ta da waya, kunnenta ma ya yi nauyi. Maigida ya ba ni izini, ƙanena Sani ya ce zai raka ni. Shirinmu mai sauƙi ne: mu ɗauko muryar Iya a wayarsa, mu kawo wa Inna ta ji.

Laraba: Wudil zuwa Gaya

Ƙarfe shida saura kwata muka fito, gari bai gama wayewa ba, masu ɗiban yashi suna gangarawa kogi da shebur a kafaɗa. A tasha wani mai talla ya tare mu da fawa-banki. "Hajiya, wannan sau biyar zai cika miki waya. Ji nauyinsa kawai!" Na ɗaga, lallai da nauyi. Na saya saboda na san ƙauyen ba wuta.

Na karanta addu'ar hawa mota muka tashi shida da minti ashirin. Duk bangon da muka wuce fastocin 'yan takara ne, wani a kan wani, ruwan damina ya wanke su har idon wannan ya koma fuskar wancan. Direba ya nuna wata rijiyar burtsatse da haɓa.

"Kun ga allon nan? Ya fi tankin girma. Ranar da aka buɗe ta na sha ruwanta, ranar ce kuma ta ƙarshe."

"Ai ka sha rabonka, direba," in ji Sani. "Sauran sai zaɓe mai zuwa."

Aka yi dariya. Ni dai tunani na tafi: waɗannan fuskokin ma 'ya'yan wasu mata ne da suka goya su. Allah ya sa su tuna.

Mun isa Gaya bakwai saura. Muka sha shayi da burodi, irin burodin zamanin nan da in ka matse shi sai ya koma kamar ƙwayar goro. Motar Jahun ba ta cika ba sai tara saura minti ashirin.

Gaya zuwa Jahun, zuwa bakin ruwa

Shinge ɗaya muka tarar. Jami'in ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin jakata, na ce sabulu ne da sukari da goro, tsarabar tsohuwa. Ya ce, "To Hajiya, ki ce ta sa mu a addu'a." Daga nan hanya ta miƙe, gero ya yi kai dama da hagu, balbelu suna bin shanu. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na riƙa ganin Inna tana yarinya da 'yar ƙwarya a ka tana gudu a gefen motar, ba ta gajiya.

Goma da kwata muna Jahun. Wata ƙaramar mota ta kai mu Miga sha biyu saura, sai babura biyu suka ɗauke mu har inda hanya ta nutse. A nan muka shiga kwalekwale. Mai tuƙin, dattijo ne mai furfura, ya ce, "Nan da muke bi gonata ce ta dawa." Na duba, ga kawunan dawar nan suna leƙowa daga ruwa, muna ratsa su suna shafar gefen jirgin.

"Da can mun san ranar shuka, mun san inda kogi yake tsayawa," in ji shi. "Yanzu ruwa ya yi ta jinkiri har iri ya ƙone, in ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya. Daga ina kuke?"

"Daga Wudil, Baba."

"Af! Ashe ruwanku ne ya cinye mini gona. Wannan ai ta ƙarƙashin gadarku ya biyo."

Na tsoma yatsuna a ciki. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa kogin da nake gani kullum shi ne yake zuwa ƙofar gidan su Inna.

Gidan Madaci

Ana kiran azahar muka shiga. Iya Hansai ta ƙanƙance, amma idonta tar. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci: gajiya, gida, yara, maigida, mai jiki, ruwa. Bayan mun yi salla aka kawo tuwon dawa miyar kuka da busasshen kifi. Sai na matsa kusa da kunnenta na faɗa mata abin da ya kawo mu. Sani ya saita waya.

Iya ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake gwadawa, ba abin da ya fito. Can sai ta harare mu.

"Ku 'yan birni ba ku da hankali? Waƙar niƙa a zaune? Ai a hannu take, ba a ka ba. Ku kawo dutse."

Aka shiga kallon-kallo. Tun da injin niƙa ya shigo garin ba wanda ya san inda dutsen gidan yake. Matan gidan suka bazu nema, har la'asar, sannan aka gano shi a kife a ƙofar garken awaki, ana taka shi a shiga. Ɗan dutsen kuma yana tokare da murfin rumbu. Muka wanke su da toka. Iya ta shafa kwarmin da tafin hannunta ta ce, "Hannun uwarmu ne ya ci nan." Ta ce niƙa aikin safe ne, sai gobe.

Kafin magariba cajin wayar Sani ya yi ja. Ya jona fawa-bankin nan, shiru. Ya sa wuƙa ya ɓalle bayansa, sai ga yashi yana zuba a cinyarsa.

"Yaya, kin sayo yashin Wudil kin kawo shi ziyara!"

Shi dariya yake, ni kuwa hawaye ne suka zo mini. Mai cajin garin ruwa ya shiga shagonsa tun makon jiya. Wayar ta mutu a hannunmu, tawa kuwa ƙarama ce, ba ta ɗaukar murya.

Alhamis: a kan dutse

Da asuba Iya ta ce, "Tun da akwatin naku ya mutu, sai ki zama akwatin. Durƙusa." Rabona da niƙa a dutse tun ina firamare. Aka zuba gero, na kama ɗan dutsen, ta ɗora hannuwanta a kan nawa tana gyara mini. Tura da nauyin jiki, jawo a hankali. Da sautin ya daidaita, sai wata siririyar murya ta fito daga ƙirjinta, kamar ba tata ba.

Ta fara da baitinta, wanda babu suna a ciki, don ita 'yar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na Inna ta ce in maimaita, sai harshena ya ƙi. Sunan mahaifiyata ne a farkon layin, ni kuwa tun da nake ban taɓa furta shi ba.

"Iya, da kunya."

"Ba ke kike kira ba, uwarta ce. Aron bakinki kawai ta yi."

Na runtse ido na faɗa. A nan dai "wance" zan rubuta:

Wance tawa mai ƙafar yawo,
ranar ruwa kika zo mini.
Kin tafi inda kogi ke fitowa,
wanke hannunki, ya iso mini.

Na ce layi biyun farko su ne Inna ta sani. Iya ta gyaɗa kai. "Ba mantawa ta yi ba. Ba ta taɓa jin sauran ba. Sai da aka kai ta aure Wudil uwarmu ta ƙara su, kullum safiya tana yi har ta rasu. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba."

Na niƙa kwano guda ina maimaitawa, tafin hannuna ya yi bororo biyu, sannan ta yarda na riƙe. Ta ƙulle mini garin a ƙyalle, ta ba ni ɗan dutsen ta ce in kai wa ƙanwarta.

Komawa

Tara da rabi muka shiga kwalekwale. Duk hanya ban yi hira da kowa ba, hannuna yana kai da komo a kan gwiwata, ina tsoron in na saki baki baitin zai zube. Mun yi azahar a Jahun, la'asar a Gaya, biyar da minti goma muna ƙofar gida. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa maigida da Sani da mutanen Gidan Madaci da alheri.

Ko mayafi ban cire ba na aro dutsen markaɗe a maƙwabta, na durƙusa a gaban Inna. Ta shafa ɗan dutsen ta gane shi. Na kama niƙa ina rera baitin. Da na kira sunanta ta ɗago a firgice ta ce, "Na'am." Na kai ƙarshe, ta ce in sake. Sau uku. Sannan ta buɗe tafukanta tana kallonsu, ta ce, "Shekara nawa ina wanki a kogin nan, ashe tana can tana karɓa." Ta ce a dama mata kunu da garin, ta shanye kofi guda.

'Yata Hafsa, mai shekara shida, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon kakarta tana share ido. Ta zo ta raɓa a jikina, ta yi ƙasa da murya.

"Umma, ashe ita ma Inna 'yar wata ce?"