Amsar Kwerin da Na Rubuta da Hannuna

A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Ba daƙiƙanci ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Mahaifina ne ya kwanta ciwo ana tsakiyar damina, gero kuwa bai san ana jarrabawa ba, na ajiye littafi na ɗauki fartanya a ƙauyenmu na wajen Kiyawa. Waɗanda nake yi wa lissafi a aji su ne daga baya suka zama masu sa hannu a takarda, ni na zama mai ɗaukar takardar.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika da ofisoshi alhali babu gine-gine. Wannan ma'aikata tana gidan haya, waccan tana bayan kasuwa, wata can wajen Takur. Dole aka nemi masinjoji masu keke, ni ma na samu shiga. Aikina in ɗaure fayil a bayan keke da roba, in kai inda aka aike ni, a sa mini hannu a littafin kai saƙo, in juyo.

A hanyar Takur akwai wata tsamiya a gindin duwatsu. Nan nake tsayawa in sha iska, kuma nan nake kwance robar in karanta fayilolin mutane. Laifi ne, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma karatun da na rasa a makaranta, a gindin tsamiyar nan na rama shi.

Abin da na fara ganewa shi ne Turancin ofis ba shi da yawan da masu digiri ke tsorata mu da shi. Kusan kowace wasiƙa tafiyarta ɗaya: 'yar kalmar nan "to", sai aikin da ake so a yi, sai wata kalma mai jela da ke faɗin yadda za a yi shi. In takarda daga sama ta gangaro, za ka ga "you are to report immediately", wato ka zo yanzu-yanzu, ba a nemi ra'ayinka ba. In daga ƙasa take hawa, sai ka ga "I beg to humbly apply", mutum yana roƙo yana jan ciki. In tsara ne da tsara, "to kindly" suke yi wa juna. Har ta kai ba na duba sa hannu, jelar kalmar kaɗai ta ishe ni sanin wa ke taka wa. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na raba shi biyu, gaba na masu gangarowa, baya na masu hawa. Duk wadda ta burge ni in kwafe.

Abu na biyu da na gane ya fi wannan ɗaci. A ofishinmu akwai al'ada: duk ƙaramin ma'aikacin da aka ba takardar tuhuma, wadda muke ce wa kweri, wajen tsohon mai buga tafireta yake zuwa. Dattijo ne mai kirki, Baba muke ce masa, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowa. Ban haƙuri, rantsuwar ba za a sake ba, "I beg to sincerely apologise", sunan mai laifi kawai yake canzawa. Kowa ya yarda wannan shi ne ladabi, ana ta cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. To ni nake kai fayilolin nan, ni nake ganin shafin ƙarshe. Darakta zai ja jan biro ya rubuta cewa mutumin ya amsa laifinsa da kansa, daga nan sai sallama. Direba biyu, mai shara ɗaya, da wani mai gadi ɗan Buji da bai ma san abin da aka buga da sunansa ba, duk haka suka tafi. Manya kuwa in an ba su kweri ba sa roƙo. "I wish to state clearly" suke farawa da shi, su faɗi tasu, a rufe fayil.

Na ga wannan na yi shiru. Masinja ba ya cewa ya karanta fayil.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, tawa kwerin ta zo. Lokacin kowa a ofis ya iya cewa a ji tsoron Allah kafin ya buɗe baki, amma halin ɗora wa na ƙasa laifi yana nan inda yake. Wata Alhamis na ɗauko fayil na gyaran rijiyoyin burtsatse zan kai wani ofishi, sai mataimakin darakta, wanda shi ne shugabana kai tsaye, ya tare ni a bakin ƙofa zai shiga mota. Ya ce in ba shi, zai duba a gida. Na ba shi, na miƙa littafin kai saƙo ya sa hannu. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ni za ka miƙo wa littafi? Kai wane ne?"

Na janye. Da motarsa ta fita, na rubuta da kaina a littafin: rana, lokaci, da wanda ya karɓa.

Bayan sati biyu darakta ya nemi fayil, aka juye ofis ba a gani ba. Shugabana ya ce ai masinja aka ba, shi bai sake ganinsa ba. Kafin azahar kweri ta iso hannuna, wai in yi bayani cikin kwana ɗaya dalilin da zai hana a kore ni. Shekarata tara ina aikin, 'ya'yana biyar, babbar tana shirin shiga sakandare. Na taɓa rantsuwa babu ɗana da zai tsaya a aji biyu. In aikin nan ya tafi, rantsuwar ta tafi.

Baba ya riga ya sa takarda a tafireta kafin in ƙarasa wajensa. Ya ce in zauna ya buga mini ta kullum.

Na ce, "Baba, waɗanda ka buga wa ta kullum, suna ina yanzu?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗana, ƙwai ba ya karo da dutse. Kai da ko sakandare ba ka gama ba, za ka yi wa darakta Turanci?"

Na ce masa Turancin ma ai a bayan kekena yake yawo shekara tara. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, ya zare takardarsa.

Bayan la'asar na tafi tsamiyata da littafina da takarda fara. Na buɗe ɓangaren masu hawa, na ga roƙo da jan ciki, na rufe. Na juya na manya. Layi bakwai na rubuta da hannuna, na yaga uku kafin ta huɗu ta yi. Na fara da "I wish to state clearly", na ce ban ɓatar da fayil ba. Na faɗi ranar, na faɗi wanda ya ce in ba shi nan take, na ce yana cikin littafina. Na rufe da "to kindly check", wato a daure a duba, irin yadda tsara ke gaya wa tsara. Hannuna ya so ya ƙara ban haƙuri ko da ɗaya ne, don an saba. Na hana shi. Ban yi laifin da zan ba da haƙuri a kai ba.

Washegari da hantsi darakta ya kira mu, ni da shugabana. Takardata na gabansa. Ya tambaye ni wa ya rubuta mini.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Shugabana ya yi dariya, ya ce wannan ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Darakta ya turo mini biro da takarda ya ce in sake layin farko. Na sake, na ƙara na biyu ba a tambaye ni ba. Ya karɓi littafin kai saƙo ya duba ranar. Sannan ya ce wa shugabana, ba tare da ɗaga murya ba, a je a buɗe motarsa.

A but na bayan motar aka sami fayil ɗin, ƙarƙashin buhun gyaɗa, gefe ɗaya ya sha mai. Shugabana ya ce mantuwa ce, ɗan'adam ajizi ne. Shi ba wanda ya ba shi kweri, kuma har ya bar ofishin bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Ni ma daga ranar ban sake durƙusa masa ba, a tsaye nake gaishe shi.

Abin daɗin, ni aka ba fayil ɗina in kai ofishin ajiya a Takur, tunda ba wani masinja. Na tsaya a tsamiya na kwance roba. A ƙasan layukana bakwai, da jan biron nan da ya cinye mutane huɗu a gabana, darakta ya rubuta "to be closed immediately", wato a rufe maganar yanzu-yanzu. Kalmar da shekara tara ake gangaro mana da ita kamar bulala, ranar don ni ta yi aiki. Na karanta ta ya fi sau goma.

Ba a ƙara mini girma ba, masu takardar shaida suka ci gaba da wuce ni, har yau masinja nake. Amma tun daga lokacin duk ƙaramin ma'aikacin da aka ba kweri, Baba da kansa yake cewa ya fara zuwa wajena. Tambayata ta farko ita ce ko ya yi laifin. In ya yi, in mayar da shi wajen Baba. In bai yi ba, mu zauna da littafina.

Babbar 'yata ta gama aji shida na sakandare. Ranar da ta kawo takardarta ta so ta karanta mini, na ce ta miƙo, zan iya.