Fis Ɗin Da Bai Ƙone Ba

Aikin farko na yau: karɓo talabijin a shagon Baba Ɗanjuma mai gyaran rediyo.

Haka na rubuta jiya a littafina. Ina sa takalmi da safen nan labari ya iske ni, Baba Ɗanjuma ya rasu bayan sallar asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk ɗan unguwar Sabo ya san shi da hannun hagu a aljihu in yana aiki. Na daɗe ina zaton yanga ce. Ashe tsohuwar talabijin tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket, shi ya sa ba ya sa mata hannu biyu.

Sau nawa ya gyara mini tocila muna gaisawa, ban ma zauna ba.

Talabijin ɗin da na kai masa ƙarama ce, mai baƙi da fari, mai hannun ɗauka, ta mahaifina. Ina sakandare na jona ta da batirin mota, ta yi ɗif. Na tabbata wayoyin na juya, ja a wurin baƙi. Mahaifina bai ce mini komai ba, ya sa ta saman kabad, har ya bar duniya bai ta da zancen ba. Tun daga nan ko ƙofa na kulle sai na koma na duba sau biyu.

Ranar Litinin na daure na sauko da ita, na kai wa Baba Ɗanjuma, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce in bari ita ma ta faɗi nata.

Bai taɓa mitar gwajin wuta ba. Ya buɗe bayanta, ya sunkuya ya shinshina, ya ce ba warin ƙuna. Na ce Baba, shekara ashirin da wani abu fa. Ya ce ƙuna ba ta tsufa. Ya zaro fis ya ɗaga wa haske, wayar ciki lafiya lau, na kamfani ne ma. Ya ce irin wannan in an juya mata waya, fis ne ke fara mutuwa.

Sai ya mayar da fis ɗin, ya ba ta wuta, ya kara kunne, yana ƙwanƙwasa allon ciki da gindin sukudireba, wuri bayan wuri. A wani lungu ta yi ƙara siririya, ta ɗauke. Ya sake bugawa, ta sake yi. Ya nuna mini dalmar da ta tsage, kamar silin gashi.

“Habibu, ba kai ka kashe ta ba. Gajiya ta yi a hannunka.”

Ya yi dariya ya ce in je in sha ruwa, in dawo Alhamis.

Yau Alhamis. Bayan jana'iza matarsa ta aiko mini da talabijin ɗin a haɗe, an goge mata ƙura. Ban kunna ba tukuna.

Ya Allah, bawanka ya sauke mini nauyin da bai san girmansa ba, Ka sauke masa nasa, Ka haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da mahaifina.

Gobe in Allah Ya kai mu:

Zaman makoki da safe.
Aro batir wajen Lasisi bakanike.
Faɗa wa Hajiyarmu maganar fis.
Kunna talabijin. Ja a ja, baƙi a baƙi. Duba sau ɗaya.