Minsharin Mahaifina da Injin da Ya Ƙi

Shekarun baya, lokacin ina jami'a ina zaune a wani ɗan ɗakin haya a Kwalkwalawa, saura ƙiris barci ya kashe mahaifina. Ba wasa nake ba. Ya ɗauko mini gero da kilishi a kan babur daga gidanmu na Tudun Wada, da rana tsaka, barci ya sace shi yana tuƙi, sai farkawa ya yi a cikin gonar shinkafar wani bawan Allah. Allah ya taƙaita, kafaɗa ce kawai ta goce. Manoman da suka ɗaga shi sun zaci farfaɗiya ce.

Mahaifina dillalin shanu ne a kara, ƙato mai kaurin wuya, minsharinsa kuwa har maƙwabta sun san shi. Mu abin dariya muka ɗauke shi. Ana tsakiyar ciniki sai ya hau gyangyaɗi, abokan sana'arsa su ce wayo ne, so yake mai saye ya gaji ya sallama. Huɗubar Juma'a kam ban jin ya taɓa kaiwa ƙarshenta ido biyu.

Likitan da ya duba kafaɗar ya auna jininsa, ya ga ya hau sosai, ya dubi wuyan nan, ya tura mu wajen wani likitan. Shi kuma ya ba mu 'yar na'ura aka ɗaura wa Baba ya kwana da ita. Da muka koma ya ce maƙogwaron Baba na toshewa in ya yi barci, numfashi ya ɗauke, jiki ya firgita ya fizgo iska, a sake komawa, haka har gari ya waye. Ya ce in aka bar shi, ko dai hanya ta ci shi, ko zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Maganin wani ɗan inji ne mai hura iska a hankali ta wani abin rufe hanci, don kada maƙogwaron ya rufe.

Baba ya jujjuya abin a hannunsa ya ce, "Takunkumi? Ni maraƙi na?"

A hanya ya ƙarasa mini sauran, a kan minsharin. "Hansari gadonmu na. Ubana shina yi, kakana shina yi. Abin da Allah yay yi ka da shi, inji bai canza shi." Ƙanensa ya matsa aka sayo injin duk da haka. Injin ya samu wuri a saman kwaba cikin jakarsa ya zauna, Baba kuma kafaɗa na warkewa ya koma kan baburinsa. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara daga gida sai gabana ya faɗi.

To ni a lokacin ina karatun kimiyyar halittu, kaina ya yi girma, gani nake babu abin da bayani ba zai warware ba. Na zo gida wata Asabar, bayan la'asar na same shi a tsakar gida kan tabarma, na gyara zama. Na ce, "Baba, gaskiyarka, akwai gado a ciki. Amma ƙwayoyin gadon da ke jikin mutum ba duka suke aiki lokaci guda ba. Kamar fitilun gidan nan ne, duk an ja musu waya, amma wasu a kunne, wasu a kashe. Masu bincike sun ga cewa yawan yankewar iskar nan na kunna waɗanda ke jawo kumburi a jijiyoyin jini, kuma idan mutum ya dage da injin, wasunsu na lafawa." Wallahi na ji daɗin kaina. Na shiga kawo sunayen ƙwayoyin da Turanci, har da zane da yatsa a ƙasa. Ko da na ɗago, Baba ya jingina da bango, baki buɗe, ya yi nisa a barci.

Ina nan zaune cikin kunya sai mahaifiyata ta fito da kwanon fura. Ni ne ɗan fari, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, in na shigo wuri sai ta ƙirƙiri aiki ta tashi. Balle maganar abin da ke faruwa a turakar maigida, wannan ko ƙannena ba a yi a gabansu. Daidai tana ajiye kwanon minsharin ya tsaya cak. Ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga. Ban taɓa ganin abin da idona ba sai ranar, na rasa abin yi. Ita kuwa ko gezau, ta miƙa hannu ta taɓa ƙafarsa, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara ya buɗe ido.

Na yunƙura zan ba su wuri. Ba ta dube ni ba, bango take kallo, ta ce, "Wanga yaro shi zamna." Na koma na zauna.

Ta ce, "Alhaji, kai ka cewa kana kwana kamar dutse. To ni ban kwana. Tun ina goyon auta, in numfashinka ya ɗauke sai in tashi zaune in jira. In ya daɗe in taɓa ƙahwarka. Wani lokaci har na fara salati, in ce yau kam shi ke nan, da wane baki zan tada yara. Ban taɓa hwaɗi ma kowa ba, ko innata. Yau na hwaɗi gaban ɗanka, don na gaji."

Muryarta ba ta ɗaga ba. Tausayinta ya kama ni. Autarmu a lokacin ta shiga sakandare.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Kullum?"

Ta ce, "Kullum." Ta tashi ta shige ɗaki.

Bai sha furar ba. Can ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Kai, tahi ka sauko da takunkumin nan."

Ba a rana ɗaya ya saba ba. Ya yi mitar hancinsa na bushewa, ya ce iskar na shiga cikinsa, likita ya yi ta gyara masa ƙarfinta. Ga ɗauke wuta, sai da muka haɗa masa batir da sola. Sau da yawa ya yi fushi ya cire, sai kuma ya mayar da kansa ba wanda ya ce masa kanzil.

Yanzu ya tsufa, ya bar babur, amma har yau yana zuwa kara, jininsa kuma ya daidaita da taimakon magani. Waɗanne ƙwayoyi ne suka lafa a jikinsa, ban sani ba, ba mu taɓa aunawa ba. Na dai rage yawan lacca, na koyi fara tambayar wanda ke kusa da mara lafiya me yake gani. Mahaifiyata kuwa ta yi ƙiba a shekarar, maƙwabta suna ta tambayarta me take ci.

Abin da har gobe ke sa ni ƙwalla wata safiya ce, bayan Baba ya saba da injin. Mun dawo daga masallaci muna shan kunu, sai na ga idanunsa sun cika. Na tsorata na ce, "Lafiya, Baba?"

Ya ce, "Mahwalki niy yi. Na manta rabona da mahwalki." Ya goge fuska da hannun riga. "Innata nig gani, tana tankaɗe bakin ƙofa. Ashe ban mance huskarta ba."